Ɗan Aike a Soro

Sifikar da Saudatu ta aiko daga Fatakwal
baƙa ce, dunƙulalliya kamar curin daddawa,
ba igiya, ba wutsiya.
Ta ce a ajiye ta ɗakin Baba,
tunda kunnensa na hagu ya yi ritaya bara,
na dama kuma sai an yi masa kiran mai nisa.

Gidanmu na Rijiyar Ɗorowa.
Katangar jar ƙasa ce, kaurinta kamu biyu.
Kakana ya gina ta don ta tare zafin bazara,
bai san wata rana wayifai za ta tare ba.

Rawuta na falo, bisa firji, tana ƙyafta koren ido.
Daga nan zuwa ɗakin Baba taku ashirin da bakwai ne,
na ƙirga.
Sabis na mutuwa a na sha ɗaya,
daidai gindin randa.

Sai na sayo ɗan aike a Tsohuwar Kasuwa,
fari, mai ƙaho biyu kamar ɗan akuya,
na soka shi a soket ɗin soro.
Mai shago ya rantse zai karɓi magana daga falo
ya kai ta har ƙuryar gida.
Wayata ta amince da shi nan take.
Sifika ta ce ba da ita aka yi ba.

Na kashe, na kunna.
Na danne maɓalli har farcena ya yi fari.
Shuɗiyar fitila na ta ƙifce-ƙifce
kamar wadda aka tambaya kuɗin adashi.
Na sake rubuta kalmar sirri,
sunan marigayiya Inna da shekarar haihuwata,
harafi bayan harafi, zufa na ɗiga kan gilashi.
Wata mata a cikin sifikar
ta ba ni haƙuri da Turanci, sau tara.

Baba daga kan buzu: "Mi ta ce?"
"Ta ce ba ta gane hanya ba."
"To baƙuwa ta. Ku ba ta ruwa."

Bayan la'asar Arzika ya sauka daga kabu-kabu,
yaron da na taɓa goyawa, yanzu mai gyaran waya.
Ya shafa, ya shafa, ya yi tsaki.
"Anti, wayarki na wurin ɗan aike,
sifika na can wurin uwar ɗakinsa.
Suna ɗaya suka ci, amma zaure daban-daban,
kowace na sallama inda ba a jin ta."

Ya raɗa wa ɗan aike sabon suna,
ba rago, ba goro.
Ya ɗauki tsinken sakace ya soki ramin bayan sifika
ta manta duk abin da ta sani.
Ya gabatar da su, kamar ba su taɓa haɗuwa ba.
Shiru.
Sai ƙililin.

Muryar Saudatu ta cika ɗaki har rufi:
"Baba, ina wuni, yaya zafi, dama ina son in ce..."

NEPA suka ɗauke.

Fanka ta yi juyi uku ta haƙura.
Koren ido ya rufe.
Sifika da cajinta fal, ba mai kawo mata magana.
Arzika ya karɓi ɗari biyar, ya bar mu da duhu.

Saƙon dai ya riga ya sauka a wayata.
Na zauna bakin buzu, ta hannun dama,
in saurara da nawa kunne, in zuba a nasa.
"Ta ce jikanka ya yi haƙori biyu.
Ta ce kifin can bai kama ƙafar na Kwalkwalawa ba.
Ta ce ka daina ɓoye maganinka ƙarƙashin filo."

Ya daɗe yana tauna shiru.
"Wanga na ƙarshe," in ji shi, "ba daga Fatakwal ya hito ba."

Rabon da in zauna kusa da shi haka,
har in ji ƙamshin kanumfari a rigarsa,
tun sadakar arba'in ɗin Inna.

Da wuta ta dawo, sifika ta yi ƙililin ita kaɗai.
Baba ya lalubo hannuna.
"Bar ta ta huta. Mi kuma ta ce?"